Yadda manomin Kebbi zai kai kukansa majalisar jiha har a saurare shi

Majalisa biyu ce da mu a jihar nan. Akwai wadda muke zama kan benci ƙarƙashin dogon yaro bayan la'asar, a nan ake yanke wa gwamnati hukunci kullum, a zagi mai taki a zagi mai fetur a zagi ɗan majalisar da tun ranar zaɓe ba a sake ganin ƙeyarsa ba, ana kiran magariba kowa ya kakkaɓe rigarsa, shikenan zance ya mutu. Akwai kuma ta Birnin Kebbi mai kujera 24, wadda abin da aka faɗa a cikinta ake rubutawa ya zama doka ya dawo ya same mu har cikin fadama. To ni na daɗe ina ta farkon, sai da aka ɗora min sakataren wata 'yar ƙungiyarmu ta manoman shinkafa sannan dole ta sa na fara koyon hanyar ta biyun, kuma abin da na tsinta ne zan zuba muku nan. Ni ba lauya ba ne, in magana ta kai kotu ku nemi lauya, amma yawancin abin da ke damunmu ba ya ma buƙatar kaiwa can.

Abu na farko dai, ka san ƙofar da za ka buga. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, haka muke yi wallahi. Rufe boda da aka yi a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, wanda mutanen Kamba suka fi kowa sanin zafinsa, ba gwamnan jiha ya yi ba. Cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da ya sa injin ban ruwa ya koma cin kuɗi kamar wuta, daga Abuja ne. Sassaucin harajin shigo da shinkafa da masara da alkama da aka sanar a Yulin 2024 na kwana 150, shi ma na tarayya ne. In ka ɗauki waɗannan ka kai wa ɗan majalisar jiha iyakarsa ya tausaya maka ya ba ka kuɗin mota, wanda za ka nema a nan shi ne ɗan majalisar wakilai ko sanata. Haka dokar ingancin taki ta 2019 da ta hukumar iri ta 2019 duk na tarayya ne. Amma ƙasa, wato gona da fadama da makiyaya da daji, da malaman gona, da sayo taki a raba, da hanyoyin karkara, da rajistar ƙungiyoyin gama kai, da kasafin ma'aikatar gona da na KARDA, wato hukumar bunƙasa noma ta jiha, wannan duk yana hannun gwamna da majalisar jiha. Tsarin mulkin 1999 ya sa bunƙasa noma cikin abubuwan da tarayya da jiha kowa ke da ikon yi wa doka. Kasuwannin ƙauye da mayanka da tasha kuwa na ƙaramar hukuma ne, kuma muna da 21. Kafin ka sayi biro ka fara tambayar kanka, wanga abin wa ke da wuƙa da nama a kansa.

Kada kuma ka raina dokar jiha ka ce ai ƙaramar majalisa ce. Dokar hana kiwon sake ta Binuwai ta 2017 majalisar jiha ce ta yi ta, ka duba yadda ta juya rayuwar makiyaya da manoma a can. Nan maƙwabtanmu Zamfara a 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako ta hana safarar dabbobi saboda matsalar tsaro, wanda ya noma abinsa ya rasa inda zai kai. Ba ina cewa an yi daidai ko ba a yi ba, ina nuna maka ne cewa sa hannu ɗaya a gidan gwamnati yana iya shiga rumbunka.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ruɗa mutane, kowane abu sai a ce doka. A'a. Doka ita ce wadda aka gabatar a matsayin ƙudiri, aka yi mata karatu na ɗaya, na biyu inda ake muhawara, aka miƙa wa kwamiti ya tace, wani lokaci ya kira jama'a ya ji ra'ayinsu, aka dawo aka yi karatu na uku sannan aka kai wa gwamna. Sashe na 100 na tsarin mulki ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuma kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa suka sake amincewa, ta zama doka ko bai so ba, a majalisarmu mutum 16 kenan. Akwai kuma umarnin gwamna. Akwai sanarwar kwamishina a rediyo. Sannan akwai wanda ake yaudararmu da shi sosai, ɗan majalisa ya miƙe ya ce yana kira ga gwamnati ta gyara hanyar ƙauye kaza, 'yan'uwansa su ce sun amince, yaransa su cika Facebook da hoto da kirari, kai kuma kana ta murna an yi hanya. Wannan kira ne kawai, shawara ce, ba ya ɗaure gwamna, ba ya fitar da sisi daga baitulmali. Ba banza ba ne, yana da amfani don maganar ta shiga rikodin majalisa kuma za ka iya kafa hujja da ita gobe, amma kar ka yanka rago tukun. Duk wanda ya ce maka "doka ce", ka ce masa cikin ladabi, ranka ya daɗe wace doka, ta wace shekara, wane sashe. Rabin masu faɗa a nan suke tsayawa.

To yanzu batun ƙungiya. Kai kaɗai in ka je ana ɗaukarka mai neman taimako ne, za a sallame ka da na cefane. Ku haɗu. Mutum 10 sun isa a yi rajistar ƙungiyar gama kai, ana yi a sashen ƙungiyoyin gama kai na jiha, za a nemi sunayenku da dokokin ƙungiya da rahoton zaman da kuka kafa ta, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya ba da sunan ciyaman ba, dan Allah ku kiyaye wannan, zumunci da yawa ya watse a kan haka. Ku sayi babban littafi, kowane mamba sunansa, ƙauyensa, lambar waya, girman gonarsa, abin da yake nomawa, buhu nawa ya samu bara. Wannan littafin shi ne makaminku, domin jami'in gwamnati bai san "manoma na shan wahala" ba, ya ji har ya gaji, amma in ka ce mu mutum kaza ne muna noma eka kaza mun yi asarar buhu kaza zai gyara zama. Bayan nan ku jingina da manya, AFAN ta manoma baki ɗaya, RIFAN ta masu shinkafa, mata kuma akwai SWOFON ta ƙananan manoma mata wadda ta daɗe tana bin maganar kasafin kuɗi, kuma gaskiya sun fi mu naci. Amma ku jingina da idonku a buɗe, ku riƙe littafinku da hatiminku, kar ku zama sunayen da ake cika fom da su a karɓo kaya ku ji a salansa.

Wani abu kuma, kar ku bari ƙungiya ta zama reshen jam'iyya. Ranar da kuka buga hoton ɗan takara a kan takardarku, ranar kuka rufe wa kanku rabin ƙofofin majalisa.

Rubuta koke ba wani abu ba ne mai wuya, mu muke tsoronsa. Shafi ɗaya, in ya yi yawa biyu. Matsala ɗaya tak, kar ka haɗa taki da hanya da asibiti da aikin ɗanka a takarda guda. Ana rubuta shi zuwa ga Kakakin Majalisa, a kai ofishin akawun majalisa, amma hanyar da ta fi tafiya ita ce ɗan majalisar mazaɓarku ya gabatar da shi a zaure, daga nan a tura kwamitin karɓar koke-koke ko na gona. Ku ba shugaban kwamitin gona kofi, ku ba kwamishinan gona kofi. Ga yadda muke tsara namu, ka canza abin da ya dace da kai:

Mu 'yan ƙungiyar kaza mai rajista lamba kaza, daga gundumar kaza a ƙaramar hukumar kaza, muna sanar da mai girma Kakaki cewa kwalbatin da ke kan hanyar fadamarmu ya karye tun daminar bara, mota ba ta shiga, muna fito da shinkafa a kan babur da amalanke, kuɗin ɗauko buhu ya tashi daga kaza zuwa kaza. Manoma kaza abin ya shafa. Mun sanar da uban ƙasa ranar kaza, mun rubuta wa ƙaramar hukuma ranar kaza, ga kofi nan haɗe. Muna roƙon majalisa ta tura kwamiti ya gani da ido, kuma a sa aikin cikin kasafin baɗi.

Ka ga ba zagi, ba kirari mai tsawo, akwai rana akwai adadi akwai abin da ake nema a fili. A ƙasa shugaba da sakatare su sa hannu, sauran su sa hannu ko su dangwala, kowa da lambar wayarsa. Ku haɗa hotuna. Ku rubuta da Hausa yadda kowa zai ji abin da ya dangwala a kai, sannan ku sami wani malamin makaranta ya juya shi Turanci ku haɗa biyun, tunda aikin ofis da shi ake yi. In maganar tana gaban kotu kar ku wahalar da kanku, majalisa ba ta taɓa abin da ke gaban alƙali.

Yanzu ga wurin da nake so ka buɗe kunne. Ka je da kofi biyu, a buga maka hatimin karɓa a naka, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Ni na sha wannan da zafinta. Takardarmu ta farko na kai wani ofis da ba zan ambata ba, na tarar da wani bawan Allah yana cin gyaɗa, ya karɓa da fara'a har da tambayar mutan gida, ya ce in sha Allahu yau za ta hau teburin oga, na ga ya ɗora ta kan wasu fayil ya danne da kofin shayi. Na dawo gida ina ta baza labari. Bayan sati uku na koma, ba shi ba alamarsa, wanda na tarar ya ce wace takarda, ina shaidarka, na tsaya ina sosa ƙeya, kuɗin motar da 'yan ƙungiya suka harhaɗa min ya tafi a banza, kuma da na koma wani dattijo cikinmu ya kalle ni ya ce "ɗana, ko akuya ka kai kasuwa ai kana karɓo shaida." Tun ranar ko gaisuwa zan kai ofis sai na nemi hatimi. In suka ce babu hatimi, to a rubuta suna da rana da biro, in aka ƙi wannan ma ka koma da abarka ka dawo wata rana. Ka ɗauki hoton kofin da waya ka tura zauren WhatsApp na ƙungiya kafin ka bar harabar.

Sai lokaci, wanda shi ne ya fi kashe mu. Mu sai ruwa ya sauka a watan Yuni, an nemi taki an rasa, sannan za mu fara ihu, alhali maganar takin an gama ta tun Disamba. Shekarar kuɗin gwamnati tana farawa 1 ga Janairu. Tun wajen Agusta zuwa Oktoba ma'aikatu ke tsara abin da suke so, gwamna ya kai kasafin majalisa galibi a Nuwamba ko Disamba, kwamitoci su kira kwamishinoni su kare nasu, a amince a sa hannu. Kenan lokacin da muke tsakiyar yankan shinkafa da sussuka ba mu da lokacin kowa, lokacin ne ake yanke abin da za mu samu baɗi. Don haka takardarku ta isa ma'aikatar gona da hannun ɗan majalisarku kafin ƙarshen Satumba. Ku ware mutum biyu da aikinsu kenan ko ana kaka, a riƙa taya su aikin gonarsu. In an kira taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi a shiyyarku ku je da takarda a hannu, kar ku je da baki kawai.

Kuma kasafi yanzu ba asiri ba ne, jihohi suna sa shi a intanet, har da rahoton abin da aka kashe duk wata uku. Ku sa wani yaronku ɗan jami'ar Aliero ko ta Birnin Kebbi ya sauko da shi ya nemo shafin ma'aikatar gona. Abu biyu za ku duba, nawa aka ware, nawa aka fitar, don tsakanin waɗannan biyun akwai rami mai zurfi, ana iya rubuta aiki shekara uku a jere ba a saki ko kwabo ba. In kun ga aikinku a rubuce to kun sami igiya, ku rubuta lambar layin ku riƙa tambaya da ita. Akwai ma'aunin da za ku iya riƙewa, a 2003 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo cewa za su riƙa ba noma aƙalla kashi 10 cikin 100 na kasafi, suka sake jaddadawa a Malabo a 2014. Ba doka ba ce da za ka kai jiha ƙara a kanta, amma tambaya ce mai kyau a gaban kwamiti, jihar da ke alfahari da shinkafa, wadda a nan Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwambar 2015, wadda ta haɗa gwiwa da jihar Legas suka yi shinkafar Lake Rice, kashi nawa ta ba gona bana.

In Allah Ya sa an kira ku zaman jin ra'ayi kan wani ƙudiri, ku nemi kofin ƙudirin tun kafin ranar, ku zauna a karanta muku sashe sashe. Minti kaɗan za a ba ku. Kar ka cinye su a gaisuwa, "mai girma shugaban kwamiti, masu girma mambobi" ya isa, ka faɗi sunan ƙungiya da yawanku, ka ce sashe na kaza mun yarda, sashe na kaza zai cuce mu saboda kaza, ga yadda muke so a gyara shi. Ku zaɓi wanda ya iya magana ba wanda ya fi kowa shekaru ba, amma dattijon ya zauna kusa da shi. Ku je da mace ko biyu cikin masu turara shinkafa da masu sayar da ita, su ma dokar za ta hau kansu. Ku bar wa sakataren kwamiti rubutaccen bayani, nan ma hatimi.

Bari in daɗe kaɗan a kan ƙasa, don duk sauran abubuwan ana iya haƙuri da su, gona in ta tafi ta tafi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tarayya ce kuma an cusa ta cikin tsarin mulki, amma a hannun jiha take aiki, don ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Kai abin da kake da shi haƙƙin zama da amfani ne, ko da kuwa tun zamanin Kanta kakanninka ke noma wurin. Kar wannan ya tsorata ka, dokar ta amince da wanda ke noma gonarsa tun kafin 1978 ya ci gaba kamar an ba shi izini. A wajen birni ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar haƙƙin gargajiya, har hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. A cikin birni kuwa gwamna ne ke ba da takarda, wadda ake ce wa C of O, kuma shi ke da ikon ayyana wuri ya zama birni. Nan ne masu gona a bakin gari ya kamata su farka, ka duba yadda Birnin Kebbi ke miƙewa ta hanyar Kalgo da ta Ambursa, haka Jega, haka Argungu, gonar gero ta yau ita ce fulotin gobe.

Gwamnati na iya karɓe gona don amfanin jama'a, hanya, makaranta, madatsar ruwa, wannan sashe na 28 ne. Amma sai an ba ka sanarwa a rubuce, ba wai ka wayi gari ka ga an kafa duwatsu ba. Kuma akwai diyya, sai dai ka gane, sashe na 29 ba kuɗin ƙasar yake biya ba, abin da ke kanta yake biya, amfanin gona, gini, rijiya, duk wani gyara da ka kashe wa kuɗi. Shi ya sa ranar da masu ƙiyasi za su zo ka tabbata kana tsaye a gonarka, ka ƙirga da su, mangwaro nawa, gwaiba nawa, rijiyar ban ruwa nawa, shinge, komai, ka ɗauki hoto, ka nemi a nuna maka abin da aka rubuta kafin ka dangwala. Na ga mutumin da ya tafi ɗaurin aure ranar ƙiyasi ya bar ƙaramin yaro, da lissafi ya fito ba a sa masa ko itace ɗaya ba. Ga kuma wani sashe da mutane da yawa ba su sani ba, sashe na 6 ya ce in ƙaramar hukuma ta soke haƙƙin gargajiya a kan gonar da ake nomawa, dole ta ba mai ita wata gonar ya ci gaba da noma, in kuma ta ƙi biyan diyya cikin lokacin da ya dace gwamna na iya sa a ƙiyasta ya umarce ta ta biya. In ba ka gamsu da yawan diyya ba akwai kwamitin rabon filaye na jiha da doka ta ce a kai wa. Ka rubuta waɗannan lambobin, 6 da 28 da 29, a bangon littafin ƙungiya.

Kafin ma a kai ga haka, ka gyara gidanka. Gonar gado a raba ta a rubuce a gaban alƙali ko malamai da shaidu. Saye, jingina, aro, haya, duk a rubuta, mai gari da uban ƙasa su sa hannu, a faɗi maƙwabta gabas da yamma kudu da arewa. Aro musamman, mutum ya ara wa abokinsa gona don Allah, su biyun su rasu, 'ya'ya su kwashe shekara goma a kotu. In da hali a kai takardar ofishin ƙasa na ƙaramar hukuma a yi mata rajista, takardar mai gari shaida ce mai ƙarfi amma ba ita ce ta ƙarshe ba.

Maganar burtali da makiyaya kuwa sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, kuma akwai burtalai da mashaya da kowa a gari ya san su, mu manoma mun cinye wasu da garma kaɗan kaɗan, su ma makiyaya wasunsu suna sakin shanu cikin amfanin da ba a kwashe ba, da dare ma. In za ku nemi majalisa ta yi wani abu a nan, ku nemi abin da za a iya aunawa, a sake shata burtali a kafa alamu na siminti, a sa ranar sakin gonaki bayan kaka da shawarar sarkin noma da arɗo, a kafa kwamitin ƙiyasta ɓarna mai wakilin kowane ɓangare da malamin gona. Jigawa tana da hukuma guda ta manoma da makiyaya, ba laifi ba ne a ce a je a ga yadda suke yi. Kuma takardar da manoma da Fulani suka sa wa hannu tare ta fi goma da ɓangare ɗaya ya rubuta, ɗan siyasa ba ya tsoron taɓa ta. In an yi maka ɓarna kar ka taɓa dabba, kar ka taɓa yaro mai kiwo, ka kira shaidu ka ɗauki hoto ka kai wa mai gari a ranar. Wannan daban yake da matsalar 'yan bindiga da ta hana mutanen ƙasar Zuru da wasu sassan ƙananan hukumomin Arewa da Augie zuwa gona, waccan ba a gonar za a warware ta ba, amma ita ma ku rubuta ƙauyuka nawa, gonaki nawa aka bari, don kar a ce ba a sani ba.

Haraji a gajarce. Dokar tarayya ta 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa ta hana kowa, har da hukumar haraji, tare hanya don karɓar haraji. To ka ƙirga igiyoyi da sanduna nawa motar albasa ke tsallakewa daga Aliero ko Yawuri kafin ta kai kudu. Kar ka yi faɗa a kan titi da kaya masu ruɓewa a mota, ka biya ka karɓi rasit, ku tara rasit ɗin na wata guda, ku jera su a takarda da wuri da rana da adadi, wannan shi ne koken. Wanda ya ƙi ba da rasit ka rubuta wurin da lokacin.

Bashi ma haka. Lokacin Anchor Borrowers mutane da yawa sun dangwala suna ganin rabonsu ne na gwamnati, ga ambaliyar 2020 ta zo ta shafe fadamu, aka bar mutane da bashi da jayayyar ko akwai inshora ko babu. Duk shirin da ya zo, na jiha ko na tarayya ko na kamfanin casar shinkafa, ku tambaya a gaban jama'a, kyauta ne ko bashi, nawa aka kimanta kayan, da kuɗi za a biya ko da shinkafa kuma a wane farashi, in ruwa ya ci wa zai ɗauki asara, ina takardar inshorar. A ba ku kofin yarjejeniyar ku ajiye.

Bayan kun kai takarda ku ba su sati biyu, ku koma da kofinku mai hatimi. Ba amsa, ku rubuta tunatarwa gajera ku ambaci ranar ta farko. Ku samu ɗan majalisarku a gida ranar da ya shigo gari, amma ku je ku biyar ko shida da takarda, kuma in ya miƙo ambulan ku yi godiya ku ce ranka ya daɗe a bar wannan, kwalbatin muke so, wallahi daga ranar kallon da zai muku daban ne. Ku bi ta fada ma, uban ƙasa ya kai wa sarki, a Gwandu ko Argungu ko Yawuri ko Zuru maganar da ta fito daga fada ba a jefar da ita haka nan. Majalisa tana da ikon kiran kwamishina ko shugaban hukuma ya zo ya yi bayani ƙarƙashin sashe na 128 da 129 na tsarin mulki, ku roƙi kwamiti ya yi amfani da shi. In jami'i ne ya danne muku haƙƙi akwai Hukumar Karɓar Ƙorafin Jama'a ta tarayya, tana da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan ko sisi. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau kan jihohi ma, kenan kuna iya rubutawa ku tambayi tirela nawa ta taki aka saya, nawa aka kai ƙaramar hukumarku, da wane ma'auni aka raba. Sai an bi duk wannan sannan rediyo da Facebook, kuma a can ma hoton takardar za ku sa da ranar da aka karɓa da tambaya ɗaya, ba zagin uban kowa ba, don ana kama mutane da dokar laifukan intanet a kan abin da bai kai wannan ba, kuma da zarar ka yi zagi an bar maganar kwalbati an koma maganar rashin kunyarka.

Namu kwalbatin dai har yanzu ba a yi ba, amma bara ya fito a rubuce cikin kasafi, kuma takardar tunatarwa ta uku tana cikin jakata, Litinin zan shiga Birnin Kebbi da ita in an sami motar safe.